Karatu da kuɗin ƙwallo a Amurka: abin da ya kamata iyaye su sani kafin su fidda kuɗinsu

Duk mai yaro dogo da ke buga ƙwallon kwando, ko mai gudu da tamola, ya taɓa jin ana cewa jami'o'in Amurka na ɗaukar irin waɗannan yara su yi karatu kyauta. Maganar tana da tushe. Hakeem Olajuwon ya bar Legas a 1980 zuwa jami'ar Houston. Joel Embiid ɗan Kamaru ya shiga jami'ar Kansas a 2013. Amma jama'a, burs ɗin ƴan wasa yana da dokoki masu tsauri, kuma rashin saninsu ne ke sa uwa ta kwashe adashenta, uba ya taɓa jarinsa, su miƙa wa dillali a banza.

Ƙungiyar da ke tsara wasannin jami'o'in ana ce mata NCAA. An kafa ta a 1906, kuma tana da jami'o'i kimanin 1.100 da aka kasa rukuni uku. Rukuni na farko da na biyu ne ke ba da burs saboda wasa. Rukuni na uku ba ya bayarwa, haka ma manyan jami'o'i irin su Harvard da Yale. Ke nan wanda ya ce maka zai samo wa ɗanka burs ɗin ƙwallo a Harvard, ka riƙe aljihunka.

Cikakken burs yana biyan kuɗin karatu, ɗakin kwana, abinci da littattafai. Sai dai mafi yawan ƴan wasa wani kaso kawai suke samu, iyaye su cika sauran. A jami'o'i masu zaman kansu da dama, shekara guda tana wuce dalar Amurka 60.000, wato sama da miliyan 30 na sefa. Idan an ba yaro rabi, sauran rabin ya ishi ɗan kasuwa ciwon kai. Kuma sau da yawa yarjejeniyar ta shekara ɗaya ce, ana sabunta ta. Tun 2012 aka ba jami'o'in rukuni na farko damar yin ta shekaru da yawa, amma ba dole ba ne. A karanta takarda a san abin da aka yi alkawari, kamar yadda ba a sayen buhu sai an buɗe bakinsa.

Tsayi da ƙarfi kaɗai ba su isa ba. Dole yaro ya yi rajista a ofishin tantancewa na NCAA, ya tura sakamakonsa na lise da na bak, an fassara su da Ingilishi. Ana buƙatar darussa 16 na asali kamar lissafi da kimiyya, da maki aƙalla 2,3 cikin 4 ga mai son rukuni na farko. Jami'ar kuma za ta nemi shaidar cewa yana jin Ingilishi, abin da ke da nauyi ga yaranmu da suka yi lakwal da Faransanci. Wanda ya bar aji saboda filin wasa, ya rufe wa kansa wannan ƙofa.

Akwai kuma batun karɓar kuɗi daga kulob. A 2010 NCAA ta hana Enes Kanter ɗan Turkiyya buga wa jami'ar Kentucky wasa, saboda kulob ɗin Fenerbahce ya ba shi kimanin dala 33.000 fiye da kuɗin ɗawainiyarsa. An sassauta dokokin daga baya, amma har yanzu ana bincika duk takardar da yaro ya sa wa hannu.

A 2021 an ba ƴan wasa izinin samun kuɗi ta hanyar talla da sunansu. A watan Yuni 2025 wata kotu a Kalifoniya ta amince da sulhun da ya ba kowace jami'a damar raba wa ƴan wasanta har kusan dala miliyan 20 da rabi a shekarar farko. Labarin yana da daɗin ji, amma bizar ɗalibi tana taƙaita wa baƙo yin aikin kuɗi, don haka ɗan Afirka ba ya cin wannan gara kamar ɗan ƙasa.

Ga masu ƴaƴa mata, wata doka ta 1972 ta wajabta wa jami'o'i su ba mata nasu rabon na kuɗin burs. Yarinya mai hazaƙa a wasa da karatu tana da tata dama.

Babban cikas gare mu shi ne biza. A watan Disamba 2025 gwamnatin Amurka ta saka Nijar cikin ƙasashen da ta hana ƴan ƙasarsu shiga, daga 1 ga Janairu 2026. Kafin a fidda ko dala, a tambayi ofishin jakadanci ko wannan mataki yana nan. Dillali ba ya ɗage doka.

Hanyar gaskiya sananniya ce. Kocin jami'a ne ke neman ɗan wasa, jami'a ce ke aiko da takardar karɓa mai suna I-20, kuma ba a sayen burs. Khaman Maluach ɗan Sudan ta Kudu ya bi ta makarantar NBA da ke Saly a Senegal, ya shiga jami'ar Duke a 2024, aka ɗauke shi NBA a 2025. Sai dai mutum 60 ne kacal ake zaɓa a shekara daga duniya baki ɗaya.

Shi ya sa digiri ne ribar da ta fi tabbas. Dikembe Mutombo ɗan Kongo, wanda ya rasu a 2024, burs ɗin karatu ne ya kai shi jami'ar Georgetown a 1987, ƙwallo ta biyo baya. Ya kammala a 1991, ya buɗe asibiti a Kinshasa a 2007. Iyaye, ku bar yara su yi wasa, amma ku tambaye su sakamakon aji kafin na fili, kuma duk wanda ya zo da alkawari, ku ce ya nuna takardar jami'ar tukuna.