Kafin ka sayi tsirkiyar jita, ga abin da ya kamata ka sani

Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan ƙasar Nijar da ya yi suna har Turai da Amurka, da hannunsa ya haɗa jitarsa ta farko, da katako da wayoyin birkin keke, don a lokacin abin da ya samu ke nan. Mai koyon jita a yau damuwarsa daban ce. Zai shiga shago ko ya duba intanet, ya tarar da fakiti iri-iri, kowanne da lambobi da sunaye a jiki, kuma farashin wani ya ninka na wani. Da yawa sai su ɗauki wanda ya fi araha ko wanda kwalinsa ya fi ƙyalli. Alhali kuwa tsirkiya ita ce ke haifar da sauti, akwatin jita ƙara shi kawai yake yi. Babu wata tsirkiya da ta fi kowace kyau a duniya. Akwai dai wadda ta dace da jitarka da yatsunka da aljihunka, kuma da wannan jerin ya kamata a bi wajen zaɓe.

Tambayar farko ita ce wace irin jita ke hannunka. Jitar da ba ta amfani da lantarki iri biyu ce: mai tsirkiyar ƙarfe da mai tsirkiyar nailan. Ta nailan wuyanta ya fi faɗi, kuma ƙulla tsirkiyoyinta ake yi a jikin katakon da ke manne a fuskar akwati. Ta ƙarfe kuwa kowace tsirkiya na da ɗan zobe a gindi, ana zura shi cikin rami a toshe da ƙusar roba. A da can da hanjin tumaki ake yin tsirkiyar jitar mai faɗin wuya, sai a shekarun 1940 Albert Augustine ya fito da ta nailan a birnin New York, tare da goyon bayan shahararren makaɗin nan na Sifen, Andrés Segovia. Bambancin nailan da ƙarfe ba na ado ba ne. Tsirkiyoyin nailan shida in an ɗaure su, jan da suke yi wa jita kusan nauyin kilo 40 ne, na ƙarfe kuwa sukan haura kilo 70. Wanda ya ɗaura na ƙarfe a jitar da aka ƙera don nailan, ko wuyan ya lanƙwashe, ko katakon gindin ya ɓalle. Wannan kuskure ne da gyaransa kan fi kuɗin jitar.

In an wuce nan, sai kauri. Lambar da ke jikin fakitin tsirkiyar ƙarfe, kamar 10 ko 11 ko 12 ko 13, kaurin tsirkiya mafi siriri ce, a ma'aunin kashi ɗaya cikin dubu na inci. Idan ka ga an rubuta 12-53, ana nufin siririyar 12 ce, mai kaurin kuma 53. A ido bambancin kamar ba komai, amma yatsa ya san shi. Tsirkiya mai kauri sai an ƙara ja ta kafin ta kai sautin da ake so. Saitin lamba 10 yana jan kusan kilo 60, na 12 kusan kilo 73, na 13 kuma ya zarce kilo 80. Wannan ƙarin jan shi ke girgiza fuskar jita da ƙarfi, amo ya cika ɗaki. Amma shi ne kuma ke sa kan yatsun sabon shiga su yi ja, su yi zogi, har layin tsirkiyar ya fito a fatar. Masu koyo da dama a makonnin farko suke jingine jita, suna zaton ba su da baiwa, alhali tsirkiyar ce ta fi ƙarfinsu. Mai koyo ya fara da 10 ko 11 har yatsunsa su yi kanta. Lamba 12 ita ce tsaka-tsaki, kuma da ita sababbin jita da yawa ke fitowa daga masana'anta. Lamba 13 ta mai babbar jita ce da ke kaɗawa da ƙarfi cikin taro. Tsohuwar jita ko mai ƙaramin akwati, a tausaya mata da marar kauri.

Sai kuma ƙarfen da aka yi tsirkiyar da shi. Ka ɗauki mafi kauri ka goga farce a jikinta, za ka ji gurji-gurji. Waya ce siririya aka nannaɗe a kan wata waya ta ciki, don tsirkiyar ta yi nauyin da zai ba da amo mai zurfi ba tare da ta sandare ba. A cikin shidan na jitar ƙarfe, huɗu ne masu naɗi, biyu sirara kuwa ƙarfe ne zalla. Abin da aka yi naɗin da shi ne ke canza launin sauti.

Nau'i biyu suka fi yawa a kasuwa. Na farko shi ne wanda ake rubuta wa 80/20, wato kashi 80 jan ƙarfe, kashi 20 tutiya. Tun shekarun 1930 ake amfani da shi. Launinsa ruwan zinariya ne, sautinsa garau, mai kaifi, sai dai kaifin ba ya daɗewa, domin gumi na saurin cin wannan haɗin. Na biyu shi ne wanda ake rubuta wa Phosphor Bronze, wanda kamfanin D'Addario na Amurka ya fito da shi a 1974. Shi kusan kashi 92 jan ƙarfe ne, sauran kuza da ɗan sinadarin fosfarus. Launinsa ya fi ja, amonsa ya fi taushi da cika, kuma ya fi jure gumi. Jitar da muryarta ke a dushe, 80/20 kan farfaɗo da ita. Wadda kuma sautinta ya cika tsini, nau'i na biyun zai kwantar da shi. Akwai kuma wani nau'in da ake saka zaren siliki tsakanin wayar ciki da naɗin. Yana da laushi a yatsa, ya dace da mai kaɗawa a hankali yana rera waƙa, amma ƙararsa ba ta da yawa.

Me ke kashe tsirkiya? Sau da yawa ba tsinkewa ba ce. Gumi da maiƙon hannu da ƙura ne ke shiga tsakanin naɗin su cushe, tsirkiyar ta kasa rawa yadda ya kamata. Za ka ga launinta ya koma baƙi-baƙi a wuraren da yatsa ke yawan dannawa, amon ya mutu, kuma ko ka saita ta ba ta zama daidai. A ƙasashenmu abin ya fi sauri: zafi na sa hannu gumi, laimar damina na kawo tsatsa, ƙurar hunturu kuma na shiga ko'ina. Don maganin wannan ne kamfanin W. L. Gore ya fito da Elixir a 1997, tsirkiyar da aka lulluɓe da wata siririyar fatar roba mai hana datti shiga. Daga baya sauran kamfanoni irin su D'Addario da Martin da Ernie Ball suka fito da nasu. Tana da santsi, tana rage ƙarar da yatsa ke yi in ya zame, ko da yake wasu makaɗa na ganin lulluɓin yana rage wa sauti kaifi.

A nan ne lissafin kuɗi ke shigowa. Mai lulluɓi kan kai ninki biyu na farashin marar lulluɓi, ko fiye. Amma abin dubawa shi ne tsawon lokacin da fakitin zai yi maka aiki. Mai gumin hannu da tsirkiya ke mutu masa cikin mako biyu ko uku, da wanda ke zaune nesa da shagon kayan kiɗa, mai lulluɓin ce riba gare su. Wanda kuwa ke yawan tsinka tsirkiya saboda ƙarfin kaɗawa, asara zai yi, domin lulluɓi ba ya hana tsinkewa. A kuma yi hattara da jabu, don ana kwaikwayon fakitin manyan kamfanoni. Idan ka ga suna babba da farashi ƙasa warwas, ka tuna araha ba ta ado. D'Addario ma na buga lamba a ledar ciki wadda za a iya tantancewa a shafinsu.

Kowace ka saya, kulawa na ƙara mata kwana. Ka wanke hannu kafin ka kaɗa, in ka gama ka goge kowace tsirkiya sama da ƙasa da busasshen ƙyalle, ka mayar da jita cikin jakarta. In za ka canza, ka canza duka shidan, domin sabuwa ɗaya cikin tsofaffi biyar muryarta fita daban take yi. Sabuwar tsirkiya takan saki a kwanakin farko, musamman ta nailan, saboda haka ka yi ta saitawa har ta zauna. Idan ka tsallaka daga wani kauri zuwa wani mai nisa, ka kai wa mai gyara ya daidaita sandar ƙarfen da ke cikin wuyan.

Shawara ga mai farawa ita ce: in jitarka ta ƙarfe ce, sayi Phosphor Bronze lamba 11, ka ajiye kwalin, ka rubuta ranar da ka ɗaura a bayansa. In ta mutu, ka canza abu guda kawai, ko kauri ko nau'in ƙarfe, don ka gane abin da ya kawo bambancin. Da haka kunnenka da yatsunka za su nuna maka wadda ta karɓe ka.