CINIKIN TARAKTA: A GAMA LISSAFI TUN DAGA GIDA

A yawonmu na ziyarar ƙungiyoyin gama kai mun iske da dama suna tara kuɗi domin sayen tarakta. Kuɗin nan gumin jama'a ne, har da na gwauraye da na zumuntar mata. Saboda haka wanda aka aika ciniki ya ɗauki amana mai nauyi.

Mun san wata ƙungiya da ta aiki mutum biyu birni bayan ruwan fari ya sauka. Suka sami mota da araha, suka biya nan take. Sai da ta iso suka gane babu garma cikin kuɗin, haya kuma a kansu take. Kafin su haɗa kuɗin garma shuka ta wuce. Dila bai yi musu ƙarya ba, su ne ba su tambaya ba.

1. Lokacin ciniki. A je da kaka ko da rani. Idan damina ta kawo kai, kowa yana neman mota, dila ba zai rage ko kwabo ba, gama ya san kuna cikin gaggawa.

2. Ku san abin da kuke bukata. Ku lissafta kadada nawa za a nome, da irin ƙasarku. Mota mai ƙarfin doki wajen 75, kamar Massey Ferguson 375, tana jan garma mai faifai uku. Kada a lallashe ku ku sayi wadda ta fi aikinku, domin za ta fi shan mai. Ku tambayi makanikin yankinku irin da ya iya gyarawa, da wadda ake samun kayan gyaranta kusa.

3. Farashi a rubuce. Ku je wurin dila uku aƙalla, kowane ya rubuta muku kuɗin mota, da garma, da haro, da rija, da tirela, da haraji, da kuɗin kawowa har gida, kowane daban. Sa'an nan a kwatanta jimla da jimla. Idan da bashin banki ne, a haɗa da kuɗin ruwa.

4. Baki ɗaya. Kwamiti ya zauna ya yanke iyakar kuɗin da ba za a wuce ba. A je mutum uku tare da makaniki, amma mutum ɗaya ne zai yi magana. Kada a faɗa wa dila abin da ke cikin asusu. Idan dillali ya shiga tsakani, a san la'adarsa tun da fari, da wanda zai biya ta.

5. Tayi. Ku nuna masa farashin sauran, ku taya ƙasa da iyakarku. Idan ya ce albarka, kada ku ji kunyar tashi. Sau da yawa wanda ya ƙi rage kuɗi yakan yarda ya ƙara kaya. Ku nemi ya kawo motar a kan kuɗinsa, ya koya wa direbanku, ya yi sabis na fari, ya ba da matatun mai da bel na ajiya. Ku tambayi garanti: wata nawa ne ko awa nawa, kuma wa zai biya kuɗin zuwan makaniki ƙauye?

6. Idan ta hannu ce. Ba a auna tsufan tarakta da mil, sai da awoyin aiki, amma agogon yana iya zama an canja shi. Ku sa a tayar da injin da sanyinsa a gabanku. Shuɗin hayaƙi alama ce yana ƙona baƙin mai. A ɗaga garma sama a kashe inji; idan ta sauko da sauri, na'urar ɗagawa tana yoyo. A duba tayoyin baya, gama suna da tsada ƙwarai. Kowane aibi dalili ne na neman ragi.

7. Biya. A biya ta banki da sunan kamfani, ba a hannun mutum ba. A ba da kafin alƙalami, sauran sai mota ta iso an gwada ta a gona. Rasit ya fito da sunan ƙungiya, da lambar inji da ta jikin mota, a kuma karanta shi a gaban taro.

A ƙarshe, mu ma akwai hakki a kanmu. Karin Magana 20:14 ta yi zancen mai saye wanda yakan kushe kaya, in ya tafi kuma ya yi ta fahariya. Kada mu zama haka. Kada mu ƙirƙiro farashin da ba a ba mu ba, kada ɗan aike ya karɓi wani abu a ɓoye. Dila ma yana da iyali, kuma za mu sake bukatarsa ranar da mota ta tsaya a tsakiyar gona. Allah ya ba mu damina mai albarka. Amin.