Mu Koyi Sunayen Dangi da Jamusanci



Yau za mu koyi sunayen dangi da Jamusanci. Jamusawa ba baƙinmu ba ne. Gidan rediyon Muryar Jamus yana magana da Hausa tun shekarar 1963. Jamusawa sun yi aikin raya ƙasar noma a yankin Filinge. Wasu ɗiyanmu kuma suna zuwa Jamus karatu ko neman aiki. Da yawa cikinmu muna jin Hausa da Zabarmanci. Wanda ya iya harshe biyu, na uku ba zai gagare shi ba.

Ga kalmomin, da yadda ake faɗinsu:

Uba: Vater, a ce "fata".
Uwa: Mutter, a ce "muta".
Ɗa: Sohn, a ce "zon".
Ɗiya: Tochter, a ce "tohta".
Miji: Mann, a ce "man".
Mata: Frau, a ce "frau".
Yara: Kinder, a ce "kinda".

In za ka ce "nawa", sai ka sa mein, wato "main". In mace ce, sai ka sa meine, wato "maine". Misali:

Das ist mein Vater: wannan ubana ne.
Das ist meine Mutter: wannan uwata ce.

To, amma a lura. Yadda Bajamushe yake lissafin dangi dabam yake da namu.

Mu muna da wa da ƙane, muna da ya da ƙanwa. Shi kalma biyu gare shi: Bruder, wato "bruda", ga namiji, Schwester, wato "shwesta", ga mace. Babba da ƙarami duk ɗaya ne.

Mu muna raba dangin uwa da dangin uba. Shi ba ya rabawa. Kawu da ƙanen uba duk Onkel ne. Gwaggo da ƙanwar uwa duk Tante ne.

Wajen kakanni kuwa, shi ne yake rabawa. Mu kaka muke cewa ga namiji da mace. Shi yana cewa Opa ga namiji, Oma ga mace.

Ga wurin da ya fi muhimmanci. A garinmu, ɗan wan babanka ɗan'uwanka ne, ƙanenka ne ko wanka. A wurin Bajamushe ba Bruder ba ne. Sunansa Cousin, wato "kuzan". In mace ce, Cousine, wato "kuzine". Bruder shi ne wanda kuka haɗa uwa da uba. In uba kaɗai kuka haɗa, ko uwa kaɗai, ana iya cewa Halbbruder, wato rabin ɗan'uwa. Haka kuma dokar Jamus ta hana auren mace fiye da ɗaya, don haka kalmar kishiya ba ta cikin maganarsu ta yau da kullum.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. In mutum yana cika takardun tafiya, ya rubuta ɗan wan babansa a matsayin Bruder, ma'aikaci zai duba takardar haihuwa. Zai ga sunan uba ya bambanta. Sai ya zaci ƙarya ce, alhali mutumin gaskiya ya faɗa bisa al'adarmu. Saboda haka, a gida mu kira juna yadda muka gada. A takarda kuwa, mu rubuta kowa da ainihin matsayinsa.

Ku rubuta waɗannan kalmomi a littafinku. Da dare ku tara yara, ku nuna kowa a gidan, ku faɗi sunansa da Jamusanci. Da sannu-sannu kwana nesa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.