Gadon Rawar Bale: Matsayin 'Yan Rawa na Farko Wajen Horar da Na Baya



1. Gabatarwa

Jawabina na yau ya shafi wata fasaha ta Turai da Amurka, watau rawar bale. Rawa ce ta dandamali wadda ake tsarawa taki bayan taki bisa kiɗa, a koya wa ƙwararru, su yi ta gaban 'yan kallo ba tare da furta kalma ba. Ta faro daga fadojin Italiya da Faransa, ta kuma bunƙasa a Rasha cikin ƙarni na 19. Tambayar da za mu duba ita ce: idan wanda ya tsara rawa ya mutu, a hannun wa rawar take? Mawallafi yakan bar littafi, magini ya bar gini. Mai tsara rawa kuwa, abin da ya bari yana jikin mutanen da ya koya wa, su kuwa mutane tsufa suke yi.

Kafin mu ci gaba, bari in daidaita kalmomi biyu. Abin da aka ware wa mutum guda ya yi cikin wasa, zan kira shi kaso. Wanda aka tsara kason a jikinsa, ya kuma fara yinsa gaban jama'a, zan kira shi ɗan rawa na farko.

2. Abin da rubutu da hoto suka kasa riƙewa

Ba a rasa hanyoyin rubuta rawa ba. Vladimir Stepanov ya buga tasa a 1892, Rudolf Laban ya buga tasa a 1928, sa'an nan Rudolf da Joan Benesh suka fito da tasu a Ingila a 1955. Waɗannan alamomi suna nuna inda ƙafa za ta sauka, da inda hannu zai nufa, da yawan bugun kiɗan da motsi zai ci. Daga baya fim da bidiyo suka zo.

To, amma kowannensu da iyakarsa. Rubutu yakan faɗi abin da za a yi, ya yi shiru game da dalilin yinsa. Bidiyo kuwa dare ɗaya ya kama. In a daren nan mai rawa ta gaji, ko makaɗa sun yi sauri, ko ta yi kuskure ta rufe shi da dabara, duk wanda ya koya daga hoton zai kwashe har da kuskuren, yana tsammanin nufin mai tsarawa ke nan. Ɗan rawa na farko shi ne ya ji abin da aka faɗa a ɗakin gwaji. Ya san inda aka ce ya jinkirta, da inda aka ce ya dubi abokiyar rawarsa, da takin da aka gwada aka watsar.

Ga misali sananne. A 1910, a Paris, Tamara Karsavina ce ta fara yin kason tsuntsuwa cikin Firebird, watau Tsuntsuwar Wuta, wanda Michel Fokine ya tsara bisa kiɗan Stravinsky. Bayan shekara 44, a 1954, da ƙungiyar Sadler's Wells ta Landan za ta farfaɗo da wasan, Karsavina ce ta horar da Margot Fonteyn. Abin da ta nanata mata shi ne halin tsuntsuwar: ta daji ce, mai zafi, wadda ba ta yarda da kamun da aka yi mata ba. Babu alamar rubutu da za ta ɗauki wannan. Da tsohuwar zuma ake magani.

3. Gadon Balanchine

Inda wannan batu ya fi zafi shi ne New York. An haifi George Balanchine a St Petersburg a 1904. Shi da Lincoln Kirstein suka kafa makarantar bale a New York a 1934, sa'an nan ƙungiyar New York City Ballet a 1948. Ya rasu a 1983, ya bar ayyuka fiye da 400. Al'adarsa ce ya tsara kaso daidai da jikin wanda ke gabansa, kamar yadda tela ke yanka riga daidai da mai ita. Mu dubi Jewels na 1967, wasa mai sassa uku da aka laƙaba wa sunayen duwatsu masu daraja. Sashen zumurrudu an gina shi a kan laushin motsin Violette Verdy da Mimi Paul, na yakutu a kan kuzarin Patricia McBride da Edward Villella, na daimon kuwa a kan Suzanne Farrell da Jacques d'Amboise.

A wasiyyarsa, Balanchine bai bar wa ƙungiyar haƙƙin ayyukansa ba, ɗaiɗaikun mutane ya raba wa. Saboda haka a 1987 aka kafa amintacciyar hukuma mai ɗauke da sunansa, wadda ke ba da izinin yin wasannin, ta kuma aika da masu koyar da su. Shugabancin ƙungiyar ya koma hannun Peter Martins, da farko tare da Jerome Robbins, daga 1990 kuma shi kaɗai. A zamaninsa ba kasafai ake gayyatar 'yan rawa na farko daga waje ba. Farrell ta daina rawa a 1989, ta ci gaba da koyarwa a ƙungiyar, amma a 1993 aka sallame ta. Daga nan sai ya zama tana koyar da ayyukan Balanchine a wasu wurare, har ta jagoranci ƙungiyarta a Washington zuwa 2017, alhali gidan da aka tsara mata kasonta bai neme ta ba. Masu sharhi sun daɗe suna kuka da wannan.

Martins ya sauka a Janairun 2018. Da Jonathan Stafford ya karɓi jagoranci, aka kuma naɗa Wendy Whelan mataimakiyarsa a 2019, sai ƙofa ta buɗe. An gayyaci McBride da Villella da Paul, a 2019 kuma Farrell ta komo ta horar da masu yin sashen daimon, shekara 26 bayan sallamarta.

Har ila yau akwai wata hanya ta daban. Tun tsakiyar shekarun 1990, gidauniyar Balanchine, bisa jagorancin Nancy Reynolds, ta shiga ɗaukar bidiyon tsofaffin 'yan rawa suna horar da matasa. An ɗauki Maria Tallchief a kan Firebird na Balanchine na 1949, da Alicia Alonso a kan Theme and Variations na 1947, da Arthur Mitchell a kan Agon na 1957. Hikimar ita ce, abin da aka adana shi ne gyaran da ake yi da bayanin da ke biye da shi. Mitchell baƙar fata ne, abokiyar rawarsa Diana Adams kuwa farar fata, a shekarar da rikicin wariya a makarantu ya ɓarke a Little Rock. Wanda ya tsaya a dandamali a wannan hali ya san nauyin da ke cikin riƙe hannun abokiyar rawarsa fiye da wanda ya karanta labari.

4. Hujjojin ɗaya ɓangaren

Adalci ne mu saurari masu ɗari-ɗari da wannan al'ada, don ba su rasa hujja ba.

Ta farko, tunani yakan zame. Bayan shekara 40 ko 50, mutum biyu da suka yi rawa tare suna iya saɓa wa juna kan taki guda, kowa yana da tabbaci.

Ta biyu, Balanchine kansa ba ya barin aiki a wuri ɗaya. Ya tsara Apollo a 1928, amma a 1979 ya yanke farkonsa, inda ake nuna haihuwar Apollo. Wanda ya koya kafin yankan da wanda ya koya bayansa duk daga bakin mai abu suka ji. To, wane ne ke da sahihin?

Ta uku, ƙungiya tana da malaman gwaji na dindindin, waɗansunsu ma sun yi aiki da Balanchine shekara da shekaru. Baƙo yakan zo na 'yan kwanaki, ya sauya abin da aka gina, ya tafi, ya bar matashiya tsakanin umarni biyu.

Ta huɗu, gwanin rawa ba lalle ya zama gwanin koyarwa ba. Akwai haɗarin ya nemi mayar da matashiya kwafinsa, alhali jikinta dabam ne.

5. Inda aka dosa

A ganina waɗannan hujjoji suna nuna yadda ya kamata a yi gayyatar ne, ba su hana yin ta ba. Ya kamata malamin gwaji ya zauna a ɗakin lokacin da baƙo ke horarwa, a rubuta abin da aka faɗa, a kuma lura da shekarar da baƙon ya koyi kason. In riwaya biyu sun saɓa, a adana su duka, kowace da sunan mai ita, shugaba ya zaɓi wadda za a yi. Masana riwaya sun daɗe da sanin cewa saɓanin shaidu biyu ya fi shirun da ke biyo bayan mutuwarsu amfani.

6. Kammalawa

Lokaci ne ke yanke hukunci a wannan muhawara. Tallchief ta rasu a 2013, Verdy a 2016, Mitchell a 2018, Alonso a 2019, d'Amboise a 2021. Duk shekarar da aka ƙi kiran ɗan rawa na farko saboda saɓanin shugabanni, an rage abin da na baya za su gada, kuma babu kuɗin da zai maido shi. Nan gaba kaɗan ba za a sami wanda ya tsaya gaban Balanchine a ɗakin gwaji ba, sai wanda ya ji daga wanda ya ji. Ingancin wannan salsala ya dogara ne ga yawan tambayoyin da aka yi wa na farko tun suna iya amsawa.