Kiwon Kifi da Noman Garka da Ruwa Ɗaya

Ku manoman Bonkuku kun san albarkar Dallol Boso: rijiya ba zurfi, dankalin turawa yana yi. Amma taki yana da tsada. To, kifi yana iya ba ku taki.

Ga yadda abin yake. Ana zuba tarwaɗa ko karfasa cikin tanki. Kashinsu yana gurɓata ruwa. Famfo yana tura ruwan zuwa kwamin tsakuwa inda aka dasa salati ko tumatir. Ƙananan halittu da ido ba ya gani suna mayar da dattin taki. Saiwa ta sha, ruwa ya tace, ya koma wurin kifi.

Sai dai ku kula da yawan kifi. Hukumar FAO, cikin littafinta na 2014, ta ba da shawarar kada a wuce kilo 20 cikin lita 1000. Idan sun yi yawa, iska ta ƙare, a wayi gari sun mutu. Idan sun yi kaɗan, ganye ya yi rawaya. Kowane murabba'in mita na salati yana bukatar a ba kifi giram 40 zuwa 50 na abinci kullum.

In kun ga karfasa suna buɗe baki a saman ruwa, ku dakatar da abinci, ku rage su.