Rigar 'Yan Sama-jannati

Da yake Allah, cikin hikimarsa, bai sanya iskar shaƙa a sararin samaniya ba, kuma zafin rana a can yakan zarce na tafasasshen ruwa, ya wajaba ɗan sama-jannati ya fita da tasa iskar cikin riga mai ninki-ninki, wadda ke matse jikinsa tana tsotse gurɓataccen numfashinsa, alhali ruwan sanyi na kewaya fatarsa ta siraran bututu.

Sai dai matsin nan bai rasa hatsari ba. Ran 18 ga Maris 1965, rigar Alexei Leonov na Tarayyar Sobiyet, wanda ya fara fita wajen kumbo, ta kumbura ta sandare, har sai da ya yi kasadar rage iskarta sa'an nan ya iya komawa ciki.