Gaskiya Ta Fi Kwabo: Tashinta da Abin da Ya Kwantar da Ita

Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairu na 1939. Malam Abubakar Imam ne editanta na farko, yana aiki tare da Dokta Rupert East na Hukumar Talifi. Jita-jita ce ta haife ta. A lokacin ana ta raɗe-raɗin cewa Turawan Ingila za su miƙa Nijeriya ga Jamus, sai gwamnati ta ga gara ta yi wa talakawa magana da harshen da suke ji. Kwabo ɗaya ake sayar da ita.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya. A 1948 kamfanin ya fito da Nigerian Citizen ta Turanci, wadda New Nigerian ta gada a Kaduna a 1966, Gaskiya ta koma ƙarƙashinta.

Jirgin ƙasa bai iso Maiduguri ba sai 1964, saboda haka kafin nan a mota Gaskiya take zuwa Borno. Jinkirin bai rage mata daraja ba. A unguwanni irin su Hausari, inda fatake da 'yan kasuwa Hausawa suka yi matsuguni, jarida ba kayan mutum ɗaya ba ce. Wanda ya iya boko zai zauna a tabarma a ƙofar gida ya karanta da ƙarfi, dattawa na tsayar da shi suna cewa ya maimaita, sannan takardar ta wuce majalisa ta gaba har ta yi laushi. Borno ma ta samu tata jaridar, Albishir, cikin jaridun larduna na hukumar adabin Arewa, NORLA, a shekarun 1950, tare da Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato.

A nan ne maganar da ake yawan yi, wai Bahaushe ba ya karatu shi ya sa jaridunsa ke mutuwa, take faɗuwa. Wanda ya ƙirga masu karatu da yawan kwafin da aka sayar, kamar wanda ya ƙirga masu cin tuwo ne da yawan akushi. Jaridun larduna sun tsaya ne da aka rufe NORLA a 1959. Gaskiya kuwa ta bi uwar ɗakinta cikin wahala: Gwamnatin Tarayya ta karɓe kamfanin New Nigerian a 1975, daga baya aka mayar wa jihohin Arewa 19, aka bar ma'aikata da bashin albashi, injuna suka tsufa babu mai tambaya, har jaridar ta kwanta. Wannan sakaci ne na masu riƙo.

Ƙarancin jama'a ma ba ya kashe jarida: a Finlan, masu magana da harshen Suwidin wajen kashi biyar cikin ɗari ne kawai, amma jaridarsu Åbo Underrättelser tana fitowa tun 1824. A ƙasar Hausa, giɓin da Gaskiya ta bari kamfanoni masu zaman kansu ne suka shiga cikewa, da Aminiya da Leadership Hausa, a takarda da kuma intanet.